Irin da Ya Sha Fari

Gaɓar Tanzaniya
9 ga Fabrairu, 2016

Yaya Sabo,

Assalamu alaikum. Yau shekara uku da wata biyar rabona da Bagwai. Ina fatan kana lafiya, da Inna, da Larai da yara. Yaya ƙafar Inna? Ni lafiya lau, sai gajiya, ita kuwa mun riga mun saba.

Wasiƙarka ta iso. Ka ce mutanen gari suna tambaya, wane irin karatu ne ya ƙare a wankin duwatsu cikin ruwa. Abin ya yi min ciwo, ba zan ɓoye maka ba. Amma kai ne kake ɗora mangalar taki kai kaɗai tun rasuwar Baba, kana da bakin faɗa. Bari dai in bayyana maka, ko ka samu abin gaya musu.

Murjanin nan da Inna take sawa a wuya, danginsa nake kiwo. A cikin teku ba dutse ba ne, abu ne mai rai, kuma a jikinsa kifi yake hayayyafa. In ya mutu, masuntan gaɓar nan ba su da abinci. Mukan karyo reshe kamar yatsa, mu ɗaure a igiya a ƙarƙashin ruwa, in ya yi ƙwari mu yi dashensa inda nasa ya ƙare. Noma ne, Yaya, sai dai da tulun iska a baya.

Ga damuwata. An ce bana ruwan zai yi zafin da murjani ba ya jurewa. Shugabarmu, Dakta Mwajuma, ta cika gonar da iri mai saurin girma, don shi ne mai kyau a hoto idan masu tallafa mana sun zo. Ni kuwa sai na tuna shekarar farin nan, ina ɗan shekara takwas, da Baba ya bi bakin jigawa yana tsintar 'yan zangarniyun geron da suka yi ido, ƙanana munana, ya rataye su a ɗakinsa. Muna shan kunu tsararo, amma ya hana kowa taɓawa, ya ce iri ne. To, akwai wani kududdufi a nan da in teku ta janye ruwansa yakan yi zafi kamar na wankan jego. Can na je na ɗebo waɗanda suka saba rayuwa a ciki, guntaye masu launin ƙasa. Da ƙyar aka ba ni igiya shida a gefe. Abokan aiki suna kiransu gyaɗar Uwaisu.

In komai ya mutu za a rufe wurin, in dawo maka da shekara uku a banza. A sa ni a addu'a.

Ƙaninka,
Uwaisu


Gaɓar Tanzaniya
2 ga Yuni, 2016

Yaya Sabo,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan ruwa ya sauka kun yi shuka. Na ji daɗi da ƙafar Inna ta yi sauƙi. Allah ya ƙara afuwa.

Zafin ya zo. Cikin sati uku gonar ta yi fari fat kamar an yayyafa gari, kuma a wurin murjani fari alamar mutuwa ce. Kullum in na nutsa sai in bi ta kan igiyoyin Dakta da sauri, ba na son kallo. Nawa sun ɗan koɗe, suka tsaya. Da ruwa ya huce, launinsu ya dawo.

Na daɗe da shirya maganar gorin da zan faɗa wa Dakta a ranar nan, har na haddace ta. Amma ita da kanta ta biyo ni cikin ruwa, ta bi igiyoyina ɗaya bayan ɗaya tana dubawa. Da muka hau kwalekwale ta tambaye ni a wane littafi na karanta wannan. Na ce mata a ɗakin Baba. Shekara goma sha ɗaya take wannan aiki, kuma nata ne ya mutu, sai na haɗiye maganata. A rahotonta ta sa sunana a gaba, abin da ba kowa zai yi ba. Ba za a rufe wurin ba. Daga gyaɗar nan za a sake cika gonar.

Ka ce kana so ka koma sabon irin geron da ake rabawa. Ka shuka, gonar a hannunka take, kai ka san wahalarta. Roƙona ɗaya, ka bar wa irin Baba ko kunya biyar ce a bakin jigawa.

Ka gaishe da Inna, da Larai, da masu tambayar me nake wankewa. In sun sake tambaya ka ce musu reshe ɗari biyu da arba'in na ɗaure, hamsin da bakwai sun mutu, ɗari da tamanin da uku suna nan da rai.

Ƙaninka,
Uwaisu