Aron ɗana ake yi a kai shi Fammar karɓar tallafi

Assalamu alaikum 'yan uwa na wannan zaure. Admin don girman Allah ka ɓoye sunana, ka sa wannan yadda na rubuto shi kar ka rage komai. Don Allah ku ba ni shawara, domin wallahi zuciyata tafasa take, kuma idan ban samu mai nuna min hanya ba ina tsoron in aikata abin da za a daɗe ana labarinsa a garinmu.

Ni matar aure ce a Zurgu ta ƙaramar hukumar Rano, 'ya'yana uku. Babbansu Abba muke ce masa, saboda sunan kakansa marigayi ya ci. Shekararsa takwas amma ba ya tafiya, zama ma sai an tokare shi da matashi. Na sha wahala wajen haihuwarsa, bai yi kuka da wuri ba, likita ya ce ƙwaƙwalwarsa ce ta taɓu. Ga farfaɗiya kuma, da ya sha rana ko aka tsallake masa magani sai ta tashi. Ni nake goya shi, ni nake ba shi abinci a baki, ni nake wanke masa kashi, kuma ban taɓa yi wa Allah ƙorafi ba, ɗana ne ina son abina.

Gida ɗaya muke da surukata, Inna. Tun Abba yana ƙarami da baƙi sun yi sallama za ta ce in shige da shi ɗaki in saki labule. Biki ko suna idan za a je sai ta ce a bar shi a gida, har ta taɓa faɗa a gabana cewa ɗan ruwa ne. Yayar mijina kuwa, Yaya Asabe da ta yi aure a Fammar ta Kibiya, tun da aka haifi yaron nan ba ta taɓa ɗaukarsa ba, wai yawunsa zai ɓata mata zani. Lokacin da take da cikin autanta ko kallonsa ba ta yi, kau da kai take kamar ta ga abin ƙyama. Duk na shanye, na ce akwai Allah.

Bara sai wata ƙungiya mai taimakon iyayen yara masu lalura ta zo yankinmu. Suka duba Abba, suka ɗauke shi hoto, suka ba shi keken zama, kuma duk wata suna turo ɗan abin da ya samu ta waya. Ba wani mai yawa ba ne, amma da shi nake sayen maganin farfaɗiya da famfas, da shi nake biyan mota in kai shi gashin ƙashi Kano. Wallahi tun da muka fara zuwa gashin nan hannunsa na dama ya saki, har yana riƙe kofi. Akwai malamar da take zagayowa lokaci-lokaci ta ga yaron, kuma tun ranar farko ta gaya mana ƙarara cewa duk yaron da aka samu an yi masa rajista sau biyu cire shi za a yi gaba ɗaya.

Da kakar da ta wuce kawuna ya rasu a Lausu. Ina shirin goya Abba mu tafi gaisuwa sai Inna ta ce haba, in bar mata shi mana, ina zan kai shi cikin wannan taro. Na yi mamaki, amma har raina na ji daɗi, na ce ko Allah ne ya fara sanyaya zuciyarta. Na nuna mata maganinsa na rana na tafi. Da na dawo bayan la'asar babu Abba babu kekensa, ga maganin nan a inda na ajiye shi. Inna ta ce wajen mai magani aka kai shi. Sai dab da magariba na ji tsayuwar mashin, ƙanin mijina ne yake tuƙi, Yaya Asabe a baya, an matse min yaro a tsakiya an ɗaure shi da zani kamar buhun masara. Jikinsa zafi rau, leɓensa duk ya bushe, famfas ɗin da na sa masa da safe shi ne a jikinsa. Kafin isha'i ciwon ya tashi har ya ciji harshensa, sai da aka ba mu gado a asibiti a Rano.

Gaskiyar ba daga bakinsu na ji ta ba. Wata 'yar Fammar da nake sayen daddawa a wajenta ce ta zo duba mu, tana ganin Abba ta hau salati, ta ce ba wannan ne yaron da Asabe ta kai layin tallafi ba? Ashe ranar ce ƙungiyar ta je rajista ɓangaren Kibiya. Yaya Asabe ta kai shi a matsayin ɗanta, ta sa masa wani suna daban, ta ce tun yana jariri yake wajen kakarsa a Zurgu, aka bar min yaro a rana tun hantsi har la'asar. Keken ma ɓoye shi suka yi a wani gida don kar a gane ya taɓa karɓa.

Da na tari maigidana da maganar ina tsammanin zai tashi hankalin kowa, ashe da saninsa aka yi, shi ya ma zuba man mashin ɗin. Ya ce mijin Yaya Asabe ya rasu ya bar ta da marayu, wa zai ci da su? Ya ce kuɗin nan ba na uban kowa ba ne, kuma ita gwaggon Abba ce, da ɗansa da ɗanta duk ɗaya, yaro bai ragu da komai ba. Na ce bai ragu ba? Wanda ya kwana a asibiti da harshe a fashe? Na ce shekara takwas ina gwaggon take lokacin da nake fama ni kaɗai, sai yanzu da ya zama abin samu ne ya tashi daga ɗan ruwa ya koma ɗan kowa? Ya ce ba ni da tausayi, Inna ta ce na cika baƙin ciki, tun da na fara ganin alat a waya na daina ganin kowa da gashi.

Kar ku ce ban san halin da take ciki ba. Na sani, marayun nan suna ba ni tausayi, ko da kakar nan daga gyaɗar da na noma a gayaunata na aika mata. Na ma ce wa maigidana a riƙa ɗiba mata hatsi daga rumbu ni ba zan ce uffan ba. Amma ɗana ba tabarma ba ne da za a aro a shimfiɗa wa baƙi a naɗe a dawo da ita. Kuma ƙungiya ɗaya ce, hoton fuska ɗaya ne yake hannunsu sau biyu, ranar da wani ya lura, wa za a cire? Abba. Maganinsa da gashinsa su tsaya, ita ta kakkaɓe zaninta ta koma gida.

Abin da ya sa na kasa haƙuri na rubuto, sati mai zuwa malamar ɓangaren Kibiya za ta je gidan Yaya Asabe ganin yaro. Sun yanke cewa jibi za a tafi da Abba Fammar ya yi kwanaki a can, ni kuma ba za a je da ni ba, wai kar maƙwabta su gane. Yaron da idan ba ni ba babu wanda ya san yadda ake ba shi koko ba tare da ya ƙware ba. Maigidana ya ce idan na hana, ko na buɗe baki na gaya wa malamarmu, to in haɗa kayana, kuma 'ya'yansa ba inda zan je da su. Mahaifiyata ta ce in yi haƙuri kar in kashe aurena. Yayana ya ce mu kai wa dagaci, amma na san ranar da maganar ta fita tsakanina da dangin mijina ya ƙare, kuma ba ni da tabbacin ƙungiyar za ta yarda cewa ban sani ba.

Jiya na dawo daga niƙa na tarar da Yaya Asabe ta zo, ita da Inna sun sa Abba a gaba, Yaya Asabe tana riƙe da biskit tana nuna ƙirjinta, wai koya masa suke ya ce mata Umma saboda ranar da malama za ta zo. Jama'a, kalma ɗaya tak yaron nan yake da ita a duniya, ita ce Umma, kuma sai da ya shekara shida ina jira kafin ta fito daga bakinsa. Yana jin motsina ya juyo da ƙyar yana kirana, Inna ta kama haɓarsa ta mayar da fuskarsa wajen Asabe. Ban san lokacin da na yar da ƙwaryar garin ba, na sunkuci ɗana na shige ɗaki na sa sakata, har yanzu ban yi wa kowa magana a gidan ba.

Lambar malamarmu tana cikin wayata. In kira ta in faɗi gaskiya, ko da za a cire shi, ko da aurena zai mutu a raba ni da shi? Ko in yi shiru jibi in tsaya a ƙofar gida ina kallo a ɗaure shi a mashin? Iyaye mata da ke zauren nan, da malamai, ku gaya min don Allah, idan naku ne za ku bayar?