Ban Kira Hadiza Ba

Daren Laraba, Jega

Ban faɗa wa kowa ba, amma na ga yarinyar da ta tare wa Hadiza hanya tun kafin su yi karo. Malama mai horar da mu ta sha nuna mana ƙwararrun 'yan ƙwallon kwando a wayarta. Idan suna tsaron gida bakinsu ba ya shiru, na baya shi ne idon na gaba. Ni ce a baya a wasan yau, Hadiza a gabana. Aikina kawai in ce, "Hagunki!" Sai na ga mutane cike da bakin fili, muryata ta maƙale. Hadiza ta juyo a guje suka gwabza, ta faɗi kan gwiwa. Har yanzu ina jin ƙarar.

Malama ta ce, "Ke Rabi, mi ya hana ki magana?" Na ce ban gani ba. Ta daɗe tana kallona.

An kai Hadiza wurin mai ɗori. Ranar Asabar 'yan Aliero za su zo, sun fi na yau ƙarfi, kuma Ummi ƙanwar Hadiza za a sa a gabana. Ko kafaɗata ba ta kai ba.

Gobe kafin shiga aji zan gaya wa Malama na gani. In ta cire ni, shi ke nan.