Jarumin Masaƙarmu

Kassel, Nuwamba 1943

Mama,

Ina gaishe ki da kyau. Yaya ƙafar taki? Yaya Baba da ƙanena Wojtek? Direban jirgin ƙasa ɗan garinmu zai kawo miki wannan wasiƙar a ɓoye, don haka yau bakina a sake yake.

Lafiyata ƙalau. Miyar kabejin dai ruwa ce zalla, amma siket ɗina ne kawai ya yi mini yawa.

Shugabanmu a masaƙa, wani Brandau, kullum cewa yake Bajamushe bai san tsoro ba, mu 'yan Poland kuwa dabbobi ne. Ko jiragen yaƙi sun zo jefa bam, ba a barinmu shiga ramin ɓuya. Ran Talata bam ya toshe ramin yana ciki. Mu dabbobin muka tono shi da hannu, wandonsa sharkaf, yana kuka: "'Yata, don Allah jawo ni!" Washegari jarumin ya mare ni, wai alamar P ta rigata, wadda ake tilasta wa 'yan Poland maƙalawa, ta karkace.

In an samu safa, a aiko mini. Ki gaya wa Wojtek kada alkawarin masu ɗibar ma'aikata ya ruɗe shi, maimakon haka ya bi Kawu can daji inda yake ɓoye. Gara sanyin dajinmu da bautar irin waɗannan.

Allah ya tsare mini ku.

'Yarki,
Genowefa