Ƙorafi Kan Motar da Ta Shige Rigar Babban Baƙo

Zuwa ga Mai Girma Shugaban Kwamitin Baje Kolin Ƙere-ƙeren Hannu, Agiye.

Daga Nomau Habi, mai gyaran rediyo, Gazawa.

Litinin, 28 ga Fabrairu, 2011.

Game da: ɓata sunan Malama Hasiya Abdulhadi.

Ranka ya daɗe, bayan gaisuwar girmamawa, ina gabatar da kokena, kaina a sunkuye.

1. Wata biyar na yi ina haɗa 'yar mota mai bin haske, da gwangwani da kayan matattun rediyoyi. Ido biyu gare ta; wanda haske ya fi bugawa, can take juyawa. Da yake ban iya faransanci ba, Malama Hasiya ta lakol ɗinmu, wato makarantar garinmu, ta cike mini takardar shiga baje kolin, ofishinku kuma ya rubuta sunanta a gurbin nawa.

2. A takardar an rubuta ƙarara cewa a ɗaki mai duhu za a gwada ta, da tocila. Ran Asabar, 19 ga wata, aka fito da mu fili tsakar rana, wai ɗakin ba zai ɗauki manyan baƙi ba. Ba wanda ya tambaye ni.

3. Da na kunna ta, sai ta miƙe ta nufi abin da ya fi komai ƙyalli, wato farar shaddar babban baƙo, ta shige ƙarƙashinta. Dattijon ya zabura har hularsa ta faɗi. Mai gabatarwa ya sanar a lasifika cewa ga motar da ta riga 'yan siyasa gane inda kujera take. Fili ya ɗauki dariya, mai gabatarwar kuma ya karanta sunan Malama a matsayin mai motar.

4. Wannan laifina ne. Ina tsaye, tocila a aljihuna, maimakon in ce tawa ce, na sulale bayan rumfa. Yau kwana tara ke nan ana kiranta Malama Bi-Riga a kasuwa, daraktan lakol kuma ya hana ta koyar da aikin hannu. Jiya ta gaishe ni a hanya kamar kullum, na kau da kai na wuce.

Don haka ina roƙon a gyara rajista, a sake gwajin a ɗaki, a rubuta wa daraktanta. Ina kuma roƙon a sanar ranar kasuwar Gazawa, da lasifika, cewa motar tawa ce, ni ne kuma na gudu.

Allah ya ƙara girma.

Naka mai biyayya,
Nomau Habi