Ƙugin Rediyon Baba

Duluth, 3 ga Oktoba, 1994

Yaya Orrin,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya, kai da zafin Arizona ɗinka. Tunda ba ka ɗaga waya, ga takarda.

Jikin Baba ya yi tsanani. Magana ta ɗauke, amma kullum sai ya nuna babban rediyon falo, mai garmahon nan. So yake ya ji faifan da suka yi rawa da shi ranar aurensu da marigayiya Mama. Na kunna, sai ƙugin da rediyon ya daɗe yana yi ya ƙaru har ya danne waƙar.

Na kwance murfin bayan rediyon, na sha ƙura. Akwai kwalabe tara, da wani baƙin ƙarfe mai nauyi, da gwangwanaye biyu. Wanne ne mai laifin? Kai ka zauna a shagon Baba, ni wanke-wanke aka koya mini.

Ka huta lafiya.
Ƙanwarka, Marlys

Tucson, 11 ga Oktoba

Marlys,

Ina gaishe ki. Ki fara cire rediyon daga wuta. Kada ki taɓa gwangwanayen da hannu, suna riƙe wuta ko an kashe, kuma na san rawar kanki. Kwalaben ke ƙara sauti, baƙin ƙarfen taransifoma ne. Ƙugi daga gwangwani yake fitowa. Baba yana manna 'yar takarda a jikin duk abin da aka canja, ki karanto mini.

Zuwa kam ba zan zo ba. Ina ɗan shekara goma sha tara na canja gwangwani a rediyon nan, Baba ya kira aikina shirme a gaban mutane, ya ce da hannunsa zai fizge shi ya jefar. Washegari na bar gida. Shekara talatin da ɗaya ke nan, bai taɓa nema na ba.

Sai na ji daga gare ki.
Orrin

Duluth, 19 ga Oktoba

Yaya,

Barka da ƙoƙari, ashe ka iya rubutu. Na haska da tocila. Gwangwanin hagu tsaf yake. Na dama kuwa an lafta masa dalma kamar an zubar da kunu. A takardarsa Baba ya rubuta: "Aikin Orrin, Yuni 1963. Shi ke kawo ƙugin. A bar shi."

Yaya, bai cire ba. Mutumin da ko ƙarar firji ba ya iya jurewa, shekara talatin da ɗaya yana jin waƙa da ƙuginka a ciki. Na karanta masa takardar, ya juya fuska bango. Ni ma ina da laifi, sau nawa na goge rediyon nan ban taɓa leƙa cikinsa ba.

Na sayo sabon gwangwani, amma hannuna ya ƙi. In a cire ne, kai za ka zo ka cire. Likita ya ce kwanaki suka rage.

Ina jiran ka.
Marlys

Tucson, 25 ga Oktoba

Ƙanwata,

Ina gaisuwa. Kada ki taɓa komai. Ranar Asabar zan iso. Ki ce masa yanzu na iya liƙin dalma.

Orrin

Duluth, 27 ga Oktoba

Yaya,

Ina yi maka gaisuwa. Wataƙila takardar nan ta saɓa da kai a hanya. Baba ya rasu yau da safe. Kafin ya cika, na kunna masa faifan a haka. Waƙar ba ta fita, ƙugin kawai ake ji. Na tashi zan kashe, ya riƙe mini hannu.

Ka iso lafiya.
Marlys