Batiran Ƙarfen Sabis

Litinin, 5 ga Fabrairu

Kwana biyu ba sabis a Kahu. Wai ɓarayi sun kwashe batiran ƙarfen sabis. Kamfanin kuma ko leƙowa bai yi ba. Wa zai kawo mini cajin wayar da ba ta kira? Na wuni a shago ina korar ƙuda.

Inna ba lafiya a Madachi. Kafin sabis ya ɗauke Yaya Isyaku ya ce in zauna, in jikin ya yi tsanani zai kira ni.

Talata, 6 ga Fabrairu

Munzali direba ya kawo mini manyan batira biyu, araha kamar kyauta. An kankare lambar jikinsu. Na ce daga ina? Ya ce, "Malam, kai dai haɗa da solarka." Ban sake tambaya ba. In ban saya ba wani zai saya.

Alhamis, 8 ga Fabrairu

Na hau tudun bayan makaranta, na ɗaga waya sama kamar mahaukaci. Ko sandar sabis ɗaya babu. Allah ya isa tsakanina da kamfanin nan!

Asabar, 10 ga Fabrairu

Inna ta rasu jiya da hantsi. An binne ta bayan Juma'a. Ni ina nan ina goge batira.

A bakin wata mai tallan nono na ji, yau da safe. Gaisuwa ta yi mini, ta ɗauka na sani.

Lahadi, 11 ga Fabrairu

Madachi. Na ce wa Yaya, da can in an yi rasuwa ai mutum ake tayarwa a keke, gari gari. Babura nawa ne a ƙofar gidan nan? Ya nuna mini wayarsa: kira goma sha bakwai. "Kowa ya ɗauka wani ya sanar da kai." Ya ce tun daren Laraba Inna take tambaya ko na iso.

Ban yafe masa ba. Ban yafe wa kowa ba.

Laraba, 14 ga Fabrairu

Ma'aikatan kamfani sun zo. Sun ce sai an kawo sababbin batira daga Kano, wataƙila wata guda.

Na cire nawa daga sola. Dama suna zafi da yawa, shi ya sa. Na ɗora su a baro na tura har gindin ƙarfen. Mai gadi ya dube su, ya dube ni, ya ce daga ina?

Na ce daga shagona.