Haƙorin Goriba

Yaya Hadiza,

Assalamu alaikum. Ina gajiya? Ya maigida da yara? Mu nan Gamkalley lafiya lau.

Haƙorina da ya ɓalgace garin cin goriba muna yara, jiya aka cire shi. Tun damina nake zarya asibitin gwamnati, kullum a ɗaga randebu, a sa mini wata ranar. Da lokotoro ya zare, na ce ya ba ni abina. Ya yi dariya: "Hajiya, wannan ba ya sake tsirowa."

Na dunƙule shi kada ƙadangare ya gani ya hana wani fitowa, yadda marigayiya Inna ta koya mana. Sai a ƙofar gida na tuna an rushe ɗakinta da muke jefa haƙoranmu bisa rufinsa. Haƙorin yana nan ƙulle a bakin zanena.

Ki sa mu a addu'a, a gaida kowa.

Ƙanwarki,
Ramatu